Mota Tana Bin Ido

Sabonjida, Tamale
Watan Afrilu

Zuwa ga ɗana Tijani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, da aikin ma'adinan da ya kai ka Afirka ta Kudu. Mu a nan jiki da sauƙi. Hawan jinina ya sauka tun da aka canja mini magani. Mamanka Abibata ta fara cin abinci, ko da yake kaɗan ne, kuma tana fitowa tsakar gida da la'asar.

Ka kira ni sau da yawa ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne. Murya tana rawa, takarda ba ta rawa, shi ya sa na zaɓi in rubuta da hannuna, 'yar'uwarka Zakiya ta ɗauki hoto ta turo maka. Kakanka da mahaifina uba ɗaya suke, amma ban taɓa rubuta maka ba sai yau. Abin kunya ne a ce mutuwa ce ta tuna mini da zumunci.

An yi addu'ar arba'in ta ɗana Yazeed. Na san labarin ya iso maka guntu-guntu, don haka zan jera maka shi yadda na saba jera magana lokacin da nake kan kujerar alƙalanci.

Ka san filin da samari suke tseren mota ranar Asabar, tsohon ramin tsakuwar da 'yan kwangilar hanya suka bari a bayan Gurugu. Akwai wata lanƙwasa a wurin da suke kira Kwanar Tudu, domin tudun jar ƙasa ya tare ta, mai tafe ba ya ganin gabansa sai ya karyo. Motar Yazeed ta mutu daidai fitarsa daga wannan kwana. Ya sauko, ya je gindin wata darbejiya da ke bakin hanya, ya karyo rassa, ya koma da ƙafa yana jera su domin na baya su san akwai mota a tsaye. Ni na koya masa haka tun kansa bai wuce sitiyari ba. Duk direban kirki haka yake yi daga nan har Kumasi: in motarka ta lalace, haƙƙin na bayanka ne ka sa masa ganye. Yana cikin sa ganyen Wumpini ya karyo kwanar ya ɗauke shi. Da na isa asibiti, akwai sauran ganye a hannunsa.

Wumpini ka san shi. Shi ne wanda shi da Yazeed suke ƙwace wa juna na ɗaya, kuma ya ci tuwo a gidana ba sau ɗaya ba. Ɗana ya mutu yana ƙoƙarin tsare masa rai.

'Yan sanda sun ce haɗari ne. Na duba abin da suka tattara, kuma da ni ne a kan kujera, da wannan hujja sallamar yaron zan yi. Abin da ya fi ci mini rai ke nan: na san doka har na san ba ta da abin da za ta ba ni. Amma hanyar tana da faɗin da mota uku za su jera, ɗana kuma yana gefe ɗaya. Me ya kai motar gefen da yake?

Dattawan gidan su Wumpini sun zo. Sun durƙusa yadda Dagomba suke yi, suna tafa hannu a hankali, suka ajiye goro a ƙunshe cikin ganye. Na sa aka ba su ruwa. Babbansu ya ce, "Alhaji, yaro ya kashe ɗan'uwansa, shi ma gawa ce mai tafiya. Ka fasa goro mu koma da labari." Na ce, "Na ji." Ya jira sauran maganar, babu. Goron yana nan a kan kabad, ban fasa ba, ban mayar ba. Abibata 'yar fataken goro ce, ita take yayyafa masa ruwa tana canja masa ganye. Ban sa ta ba, ban hana ta ba.

Ga buƙatata. Kai ka fara ɗora shi a kan wannan abu, shekarar da ka zo hutu ka kawo masa hular kwano. Ba zarginka nake yi ba. Ina so ka bayyana mini, kamar yadda ake yi wa ɗalibi, me mutum yake samu a gudun da ba ya kai shi ko'ina, kuma me direba yake yi da ƙafarsa da hannunsa da idonsa in ya shiga kwana.

Allah ya tsare ka a ƙasan ƙasa da bayanta.

Babanka,
Mahamudu Sidiki

*

Johannesburg
Ƙarshen Afrilu

Baba,

Wa alaikumus salam. Na durƙusa na gaishe ka. A gaishe mini da Mma Abibata, a ce mata ta ci abinci ko don mu. Mu lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa, yara kuma mura ta zagaye su ta wuce.

Da na ga rubutun hannunka sai da na fita waje na zauna cikin mota na daɗe. Allah ya jiƙan ƙanena, ya sa can ta fi masa nan.

Ka tambaye ni abin da muke samu. Baba, ban san ko zan iya faɗa da Hausa irin taka ba, amma zan gwada. A nan akwai ranakun da ake buɗe filin tsere ga kowa, ka zo da motarka ta gida, a duba birki da taya, a tara ku a karanta muku dokoki, sannan a sake ku. Da na sa hular nan na ja bel, sai duniya ta tsuke ta koma abu ɗaya, kwanar da ke gabana. Babu shugaban aiki, babu kewar gida, babu cewa ni baƙo ne a ƙasar mutane. Mota tana magana ta ƙugunka, tana gaya maka in bayanta zai zame tun kafin ya zame. In ka yi zagaye ɗaya mai tsabta, wanda ba ka yi wa mota ƙarya ko sau ɗaya ba, sai ka fito kana dariya kai kaɗai kamar mahaukaci. Yazeed ya san wannan. Ba saƙon gaisuwa yake turo mini ba, ƙarar inji yake ɗauka ya turo, ya ce, "Yaya, ji Hajiya yau ta tashi da ƙafar dama." Ka san Hajiya yake ce wa tsohuwar motar nan tasa, wai don ba ta son a tashe ta da wuri. Ranar da ya cire mata kujerun baya don ta yi sauƙi, Mma ta ce to yanzu a ina za ta zauna in za a kai ta kasuwar Aboabo, ya ce ta riƙe masa agogo kawai.

Maganar kwana kuwa, abu uku ne. Birki kafin kwana ake taka shi, ba a cikinta ba. Ka shiga da ladabi, ka fita da wuta. Na ukun shi ne babba: mota tana bin ido. Inda ka duba, nan hannunka zai kai ta. Ranata ta farko a nan na tsorata da wani tarin tayoyi a bakin hanya, na zuba masa ido, sai ga ni a cikinsa. Tsohon da yake koya mana ya leƙo ta taga ya ce, "Ka ga abin da kake kallo? To ka same shi." Ina tsammanin abin da ya faru ke nan. Wumpini ya karyo, ya ga Yazeed, idonsa ya kafe a kansa.

Akwai wata magana da nake jin nauyinta, ka gafarce ni. A filin gudu ba a fitowa daga mota. Ita ce doka ta farko, kuma na gaya masa. In motarka ta mutu, ka zauna a ciki da bel ɗinka, ƙarfe ya tsare ka, mai tuta ya tsayar da na baya. Ganye na hanyar Kumasi ne, inda ake hango ka daga nesa. A Kwanar Tudu kuma, yadda na ji, ba su sa mai tuta ba sam, kowa so yake ya tuƙa, babu mai son tsayuwa a rana. Ba laifin mutum ɗaya ba ne, Baba.

Ɗanka,
Tijani

*

Sabonjida, Tamale
Watan Yuli

Zuwa ga Tijani,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, masara ta yi kyau a bayan gida. Abibata ta koma zuwa makarantar matan unguwa. Ina fatan murar yara ba ta dawo ba.

Na jinkirta amsa da gangan. Al'adata ce tun ina aiki, ba na rubuta hukunci a ranar da raina ya ɓaci.

A takardarka akwai sakin layin da ya ɗora laifi a kan mamaci da kuma wanda ya rene shi. Ba zan amsa shi ba. Yaron da ya tuna da na bayansa a lokacin da zai iya zama ya tsare kansa, ba ni da kunyar tarbiyyarsa a gaban kowa.

Amma akwai jumla ɗaya da ta fi mini duk binciken 'yan sanda amfani. Ka ce mota tana bin ido. Na ja mata layi, na karanta ta na sake karantawa. Tambayar da ta hana ni barci tun ranar da abin ya faru, ka amsa mini ita cikin kalmomi kaɗan. Yanzu na san Wumpini ya gan shi. Na gode.

Na sa an jawo motar Yazeed daga inda aka ajiye ta, an kai wa Abdulfatawu bakanike a Moshi Zongo, wanda dama shi yake duba masa ita. Abin da ya kashe ta wata 'yar waya ce ta famfon mai da ta cire, ba ta kai tsawon yatsa ba. Ya mayar da ita kafin in gama shan ruwan da ya ba ni. Ya ce, "Alhaji, sayar da ita za a yi?" Na ce a'a, tuƙa ta za a yi. Ya dube ni, ya dubi furfurata, ya ce, "Hajiya da Alhaji, ai kun dace."

Samarin sun dakatar da gudu har damina ta wuce, saboda haka filin babu kowa. Ina zuwa bayan asuba in ƙasa ta sha iska. Hular ɗana ta yi mini daidai. Na ɗauki shekaru ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, yanzu ina koyon wani abu dabam, kuma ba zan ɓoye maka ba, na fara gane abin da ka ce game da ƙugu. Abin da ya rage mini shi ne Kwanar Tudu. Duk lokacin da na doshe ta ƙafata tana neman birki ba da izinina ba. Ka gaya mini yadda ake horar da ƙafa ta daina tsoro.

Babanka,
Mahamudu Sidiki

*

Johannesburg
Watan Agusta

Baba,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da jin lafiyarku. Mu ma lafiya, sai dai an canja mini aiki, duk Asabar daga yanzu har ƙarshen shekara ina ƙarƙashin ƙasa tun safe har yamma, babu waya babu komai. Motata tana nan a rufe tana harara ta.

Shirun da ka yi ya tsorata ni, na ɗauka na yanke zumunci da bakina. Ka yafe mini waccan maganar. Amma da na karanta cewa ka gane, sai na yi sujada. Haka ne, Baba, ya gan shi, kuma daga nan ba shi da sauran iko. Na ji daɗi da wannan ya sanyaya maka zuciya.

Sannan wai Baba alƙali a cikin hular kwano! Na karanta wa matata, ta yi dariya har ta yi hawaye, daga baya hawayen ya zama na gaske. Yazeed da ya gani da ya tara duk Sabonjida su zo kallo. Maganar ƙafa, ba a yi mata dole. Ka sa alama a bakin hanya, dutse ko gwangwani, ka taka birki a nan. Gobe ka matsar da alamar gaba kaɗan. Wata rana za ka ga tsoron ya koma lissafi.

Wumpini ya rubuto mini. Ya sayar da motarsa, ya ce shi da sitiyari har abada. Ya ce in an sake buɗe filin, shi zai riƙa tsayawa da tuta a bakin Kwanar Tudu ta waje, kusa da darbejiyar, inda ake ganin mai shigowa da mai fita, kuma muddin yana numfashi ba za a sake barin wurin babu mutum ba. Ya rame, Baba. In kun haɗu, ko sallamarsa ce ka amsa.

Ɗanka,
Tijani

*

Sabonjida, Tamale
Farkon Nuwamba, safiyar Asabar

Zuwa ga ɗana Tijani,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. An girbe masara. Abibata ta yi ƙiba kaɗan, jiya har na ji tana yi wa maƙwabciya faɗa a kan akuya, na san ta dawo cikin duniya.

Wannan karon da kaina na ɗauki hoton takardar, na koya. Na kuma zaɓi wannan safiya domin na san kana ƙarƙashin ƙasa. Ba raini ba ne. Kai ne malamina a wannan fanni, haƙƙinka ne ka sani, amma ba haƙƙinka ba ne ka hana.

Yau za a buɗe filin. Samarin sun zo gida sun roƙe ni in ja musu gaba da motar Yazeed, zagaye ɗaya a hankali, domin tunawa da shi. Na amince. Wumpini zai tsaya inda ka ce zai tsaya.

Ka fahimce ni ba daidai ba, na kuma bar ka a haka domin ina buƙatar darasinka. Zuciyata ba ta sanyaya ba. A shari'a abin da muke nema shi ne niyya, niyya kuwa ba ta da shaida sai abin da gaɓɓai suka aikata. Hanya ta buɗe masa ta ɓangare biyu. Ka ce inda mutum ya duba nan yake kai mota. Ya dubi ɗana, yaron da ya sha gabansa a gaban jama'a, mota kuma ta je. Ban ga abin da ya rage a tabbatar ba.

Na yi shekaru ina gaya wa iyayen da aka kashe wa 'ya'ya su yi haƙuri da abin da doka ta iya. Suna fita suna kallona, ban san ma'anar kallon ba sai bana. Mutanenmu suna cewa rama cuta ga macuci ibada ce. Na sha hana a faɗi haka a kotuna. Yau ba ni da kotu.

Alamar da ka ce in riƙa matsarwa, na matsar da ita har ta ƙare. Ƙafata ta daina neman birki. Ba zan yi masa komai ba sai abin da ya yi wa ɗana. Zan dube shi.

In ba mu sake magana ba, ka riƙe Zakiya kamar cikinku ɗaya.

Babanka,
Mahamudu Sidiki

*

Asabar da yamma

Baba,

Yanzu na fito daga rami, ko wanka ban yi ba. Wayarka a kashe, Zakiya ba ta ɗauka, Wumpini ba ya ɗauka. Don girman Allah, don kabarin Yazeed, in wannan ya same ka kafin wani abu, ka tsaya.

Ba haka na ce ba! Ban ce mutum yana zaɓar inda zai duba ba. Tsoro ne yake fizgar ido. Abin da ka fi gudun ka taɓa, shi idonka yake maƙalewa a kai, hannu kuma ya bi. Ni na so in bugi tarin tayoyin nan? Wumpini ya dubi Yazeed ne domin a duk duniya babu abin da ya fi tsoron ya buga kamarsa.

Ni na koya maka, ni na gaya maka inda zai tsaya. Kada ka sa jinin nan a wuyana, Baba. Kada ka bar Mma da kabari biyu ko kabari da kurkuku. Wani ya kira ni, ko waye.

Tijani

*

Sabonjida, Tamale
Ƙarshen Nuwamba

Zuwa ga ɗana Tijani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina raye, kamar yadda Zakiya ta gaya maka. Ƙashin kafaɗata ta hagu ya karye, da haƙarƙari biyu, likita ya ce za su haɗe in na bar su. Hannun rubutu lafiya yake. Abibata ba ta yi mini magana sai ta abinci da magani. Wumpini ko ƙwarzane bai yi ba. Na san wannan kake son ji da farko.

An gaya wa kowa ƙafar tsoho ce ta zame. Kai kaɗai zan gaya wa yadda aka yi.

Da safen Wumpini ya zo inda nake zaune a mota, ya durƙusa a ƙasa ya yi sallama. Ban amsa ba. Ya tashi ya ɗauki jar tutarsa ya tafi wurinsa. Samarin suka jera a bayana, ɗaya yana cewa, "Baba alƙali, a hankali fa, Hajiya ba ta son gaggawa!" Aka ɗaga hannu, na tashi a hankali kamar yadda aka shirya. Da muka hau miƙaƙƙiyar hanyar da ke kai wa ga tudun, na ba ta wuta har ƙasa. Na ji ihu a baya. Sun ɗauka girmama ɗana nake yi, sai su ma suka taka suka biyo ni.

Na karyo kwanar, ga shi tsaye. Ya gan ni, ya gane, domin na ga fuskarsa. Bai gudu ba. Ya sauke tutar ƙasa ya tsaya. Na ɗora idona a kan ƙirjinsa kamar yadda na yi ta shiryawa, mota kuma ta miƙe kansa, daidai da abin da ka koya mini.

Tijani, duk safiyoyin da na yi ina zuwa filin nan, ban taɓa yarda na kalli darbejiyar ba. Ina wuce ta kamar yadda ake wuce wanda ake gaba da shi. A ranar, a bayan kafaɗar yaron, sai ga gurbin da aka karye rassan, ya yi toho sabo, kore shar. A nan hannun ɗana ya taɓa na ƙarshe. Ban ce wa idona ya je ba. Na umarce shi ya dawo, ya ƙi. Abin da na sani bayan haka shi ne ƙarar ƙarfe, da ganye yana zubo mini ta gilashin da ya fashe.

Motar ta juya ta tare rabin hanya. Ka san abin da ya fara zuwa mini a rai, da karyayyen ƙashi da jini a baki? Akwai na baya, a sa musu ganye. Na kwance bel, na kama marfin ƙofa. Sai aka danne ta daga waje. Wumpini ne, ya jingina bayansa da ita, ya ɗaga tutar sama yadda za a hango ta ta kan tudu, yana kaɗawa yana ihu da Hausarsa ta kasuwa.

"Baba, kar ka fita! Wallahi kar ka fita, mota yana zuwa!"

Na ce, "Sake mini ƙofa."

Ya ce, "Ko kashe ni za ka yi, bari su wuce tukuna. Ina nan, ba na zuwa ko'ina."

Suka karyo suna jan birki, ƙura ta rufe mu. Ta farkon ta zame ta bi ta kan daidai wurin da zan tsaya da rassa a hannu.

Da jama'a suka taru, shi ya fara cewa ƙafata ce ta zame daga birki, ya gani da idonsa. Ya yi ƙarya domina a gaban mutane, ban roƙe shi ba, kuma wannan ma na ƙara shi cikin abin da nake riƙe da shi.

Takardarka ta ranar na karanta ta a gadon asibiti. Ba ta gaya mini abin da ban riga na sani ba. Na shirya wata da watanni, da cikakkiyar niyya, da hankalina a jikina, in dubi mutum ɗaya, idona ya ƙi bin umarnina. Shi kuwa Wumpini, a waccan rana ko ƙiftawa bai samu ba. Alƙalin da ya gwada hujja da jikinsa ta karye, ba shi da ikon ya sake kawo ta. Hujjata ta mutu a gindin itacen nan. Fushina bai mutu ba, kuma yanzu ba shi da inda zai sauka. Sakin layin nan naka da na ƙi amsawa, har yau ba zan amsa shi ba, amma na daina tsallake shi in ina karatu.

Hajiya ba za ta sake tashi ba. Abdulfatawu ya dube ta ya cire hularsa. Na sa an je da zarto an sare darbejiyar, an tone saiwarta, an ƙone. Na san abin da mai hankali zai ce game da tsohon da ya yanke wa itace hukunci. Dole wani abu ya biya.

Kada ka rubuto kana yi mini murna. Ban yafe ba. Dattawan su Wumpini sun aiko a tambaya ko su sake zuwa, ban ba da amsa ba tukuna. Jiya Abibata ta sauko da goron daga kan kabad, ta buɗe a gabana, ta ce wasu sun fara bushewa, ita kuma ta gaji da rainon abin da ba a ci ba a mayar. Ta ce, "Alhaji, in zubar?"

Na ce ta canja masa ganye.

Babanka,
Mahamudu Sidiki